Tahiru Baduku da Shamuwa

Tahiru baduku ne a kasuwar Filinge, ɗinkin takalmi da kuben wuƙa ya gada wurin mahaifinsa. Tun zamanin mulkin soja yake zama gindin tsamiya guda, lokacin da mata ke ƙulla gishiri cikin ganye.

Bayan leda ta cika gari, wata rana farkon damina sai ga shamuwa ta faɗo gabansa tana fuffuka. Baƙar leda ta nannaɗe mata ƙafafu har ta ci nama. Tahiru ya rufe ta da rawaninsa, ya yanke ledar da askar aikinsa, ya shafa mata man shanu. Kwana huɗu tana bayan rumfarsa yana kamo mata fara, ran na biyar ta tashi.

Maƙwabcinsa Manzo mahauci ya yi dariya ya ce, "Malam Tahiru, likitan tsuntsaye ka koma?"

Tahiru ya ce, "To, Manzo, ita ta sayi ledar? Ai mu munka yar da ita."

Daga nan duk ranar kasuwa, in an watse, sai ya bi rumfuna da buhu yana tsintar leda. Gwamnatoci suka zo suka wuce, bai fasa ba. Da tsufa ya kama shi gwiwa ta ƙi, Manzo ne ya karɓi buhun, yana tsinta yana mita. Tahiru kuwa na zaune bisa tabarma, hankalinsa kwance, yana nuni da sanda: "Ga wata can, ka wuce ta."