Kunnen Malam Badaruddeen

Shekara ashirin da shida Malam Badaruddeen yana koyar da adabin Turanci a Abuja, kuma in ka tambaye shi abin da ya mallaka a duniya, kunnensa zai nuna maka. Ba gida, ba mota. Ɗaki biyu yake haya a Mararaba, kullum sai ya sha cunkoso kafin ya isa makarantar kuɗin da yake aiki a Garki.

Gwanintarsa ita ce auna sonet, waƙar nan ta Turawa mai layi goma sha huɗu. Zai rubuta layi a allo, ya riƙa ƙwanƙwasa tebur da ɗan yatsa. Gaɓar da murya ke dannawa ya ɗora mata alamar sanda, wadda ake wucewa a hankali ya sa mata alama mai kamar ɗan kwano. Haka wani malami ya koya masa a Katsina, shi ma malamin daga littafi ya koya. Ɗalibai har laƙabi suka sa masa, Oga Ƙwas-ƙwas.

Akwai kuma sonet ɗin da ba wanda ya san da shi. Tun rasuwar matarsa Safara'u, shekara tara ke nan, yake rubuta mata, yana gogewa yana gyarawa, kowace gaɓa da alamarta a ka. Gani yake ko bai yi komai a rayuwa ba, wannan dai ya yi shi daidai.

Bana mai makarantar ta ɗauko Cynthia, wata matashiyar malama mai koyar da lafazi, da 'yar lasifikarta mai muryar Turawa. Ranar farko aka kunna muryar, ta karanta waƙar da Malam ya auna a allo. Inda ya sa sanda ta wuce abinta, inda ya sa kwano nan ta danna. Ashe duk shekarun nan da kunnen Hausa yake awo, duk gaɓar da ya ja ta yi tsawo sai ya ɗauka ita ce mai ƙarfi. Ya tuna yaran da ya soke wa amsa da jan biro, sai kunya ta rufe shi, irin wadda ba ta wucewa.

Bayan an tashi ya miƙa wa Cynthia takardar sonet ɗinsa, ya ce ta wani abokinsa ce. Ta karanta a fili, tana tuntuɓe layi bayan layi. Ta ce abin akwai ban tausayi, amma awon ya karye kusan ko'ina. Ya tambaye ta daga ina za a fara gyara.

"Layin farko, oga," in ji ta, tana nuna sunan Safara'u. "Wannan suna bai shiga ba. Ka gaya wa abokinka ya cire."

A motar Mararaba ya fito da fensir mai magogi. Ya bi sandunan da kwanukan yana gogewa ɗaya bayan ɗaya, har takardar ta fara hujewa. Da ya zo kan sunan Safara'u ya tsaya. Ya ɗaga ɗan yatsa zai ƙwanƙwasa gwiwa kamar yadda ya saba, sai ya rasa a kan wace gaɓa zai sauke shi.