Hoton da Inna ta ninke

Ban san fuskar mahaifina ba. Ya rasu a shekarar da aka yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato, ina 'yar tatsitsiya. Masunci ne a wani ƙauye na bakin ruwa kusa da Wara, kuma zazzaɓi ne ya yi ajalinsa, ba ruwa ba, don mutane sun cika yi min wannan tambayar. Abin da na riƙe nasa bai wuce ƙanshin hayaƙin banda a rigarsa ba, sai gyaran muryar da yake yi kafin ya shigo gida. Fuska kam ko alama.

Hotonsa ɗaya ne tak a duniya. Wata ranar kasuwar Yelwa ya kai kifi, abokai suka ja shi wurin mai hoto. Inna ba ta taɓa yarda a rataye shi ba. Ɗakinta ɗaya ne, nan take kwana nan take salla, kuma a wurinta ba a yin salla hoton mutum na kallonka. Wasu matan kife hoto suke yi, ko su juya shi ya fuskanci bango. Inna kuwa, da yake komai nata sai ta kai shi maƙura, ninke shi ta yi biyu, fuskar a ciki, ta sa a ƙasan kwalla ta danne da zannuwa. Duk sanda na ce a nuna min sai ta ce, "Bari ki girma, hannunki duk mai ne."

Na girma ɗin. Da na gama sakandare na tsare ta, na ce yau sai yau. Ta zazzage kwallar ta miƙo min. Raɓar bakin ruwa ta shekara da shekaru ta riga ta shige shi, ya manne gam. Muka lallaɓa muka ɓamɓare, sai ga launi duk ya narke ya dame, ja-ja da kore-kore, abin da ke dama shi ne a hagu, da farin layi a tsakiya inda aka ninke. Na yi kuka, na kuma yi faɗa sosai, kuma har gobe ina ganin da gaskiyata. Wa ke ninke hoto kamar tabarma?

Lokacin kwamfuta ta fara shigowa shagunan hoto a Yelwa, ana ta cewa ba abin da ba ta gyarawa. Na naɗe hoton a leda na shiga mota.

Mai shagon da na shiga wani dogo ne mai surutun tsiya. Bangonsa ba amare da 'yan makaranta kaɗai ba ne, akwai wasu hotuna da ban gane kansu ba. Ya ce shi ke ɗaukarsu a bakin ruwa: komar kamun kifi da aka shanya, hancin kwale-kwale, busassun itatuwan da tafki ya ci. Sai ya raba hoton a kwamfuta, ya juya rabin ya haɗa da ɗan'uwansa, ya fito kamar wata halitta. Wai likitocin ƙwaƙwalwa haka suke yi, su ɗiga tawada a takarda su ninke, su buɗe su tambayi mutum abin da ya gani. Duk wanda ya shigo ɗaukar fasfo sai ya sha wannan tambayar, har mutanen gari na cewa shi ma ya kamata a duba shi.

Ya daɗe yana kallon nawa. Ya ce, "Malama, kwamfuta ba ta san babanki ba. Abin da ruwa ya ci ya ci. Amma zan iya ƙara mishi girma, in fito da launinai."

Na ce ya yi. Ya ɗora shi a na'ura, ya bayyana a allo, ya yi ta goge dattin yana ƙara haske. Da ya gama, hoton ya yi kyau, wani irin kyau da ya ba ni haushi. Ya juyo ya ce, "To, mi kig gani?"

Na ce, "Kifi. Wanda aka tsaga aka shanya."

Bai yi dariya ba. Ya wanke min babba, ya sa a gilashi.

A gida na tarar da Baffa, ƙanin mahaifina, yana gyaran koma a tsakar gida. Yana ɗora ido ya ajiye zaren. "La ilaha illallahu! Ga Yaya nan. Ga kafaɗunai, ga hular nan tasa mai karkata."

Inna ta fito tana share hannu a zani. Ta ce, "Wace hula? Ranar ba hula garai. Kunnuwanai ne waɗanga."

Suka kama gardama a kan hula da kunne, har da dariya, har Baffa na share ido da bakin riga. Ni da na yi wahalar zuwa Yelwa ina tsaye kamar baƙuwa. Wallahi kishi na ji. Su suna da shi a ka, ko me aka nuna musu shi za su gani, ni kuwa ba ni da abin da zan ɗora.

Inna ta lura. Ta kama yatsana ta ɗora a gilashin, tana ja a hankali. "Ga goshinai. Nan girar ido. Nan inda ƙugiya ta taɓa yanka shi. Kin gani?"

Na so in ce e. Na ƙura ido har ya yi ruwa. Na ce, "Ban gani ba, Inna."

Ta saki yatsan. Na buga ƙusa a ɗakinta na rataye shi, ba ta hana ba. Da aka kira la'asar ta yi alwala ta shimfiɗa tabarma, har ta ɗaga hannu za ta yi kabbara, sai ta sauke. Ta je ta juya hoton ya fuskanci bango.

Na ce, "Haba Inna, ai ba mutum a ciki."

Ta ce, "Ke ce ba ki ganinai. Ni shina kallona."

Inna ta rasu, Baffa ma ya bi ta. Yanzu hoton na ɗakina a Yelwa, inda nake koyarwa. Na kalle shi daga nesa, na kalle shi a karkace, na bi da yatsa ta inda Inna ta bi har gilashin ya dushe a wurin. Kifi nake gani har yau. Ina kewar mutumin da ban ma san kamanninsa ba, kuma babu sauran wanda zai kama min yatsa.

Amma in zan yi salla, juya shi nake yi ya fuskanci bango. Ina sallamewa, kafin in yi addu'a ma, nake tashi in juyo shi, ko yau zan dace.