Mai Ba Fako Ruwa

Duk wanda ya taɓa jinya a asibitin mishan ɗin nan na ƙasar Madawa a shekarun casa'in ya san Iliya, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai tiyo a kafaɗa, wanda ƙafafunsa suka rine ja har gwiwa. A bayan gidajen likitoci akwai fili da aka kewaye da waya, inda suke buga tanis da yamma, manyan mutane da furfurarsu suna korar 'yar ƙwallo ta saman raga. Filin nan shi ne aikin Iliya tun yana saurayi.

Kuma ba aikin rago ba ne. Zai tankaɗe jar ƙasa kamar gari, ya baza, ya ja tsohon buhu a kai ya shafe sawu. Sai ban ruwa: in ya yi yawa ƙasa ta caɓe, in ya yi kaɗan ta tsage. Daga nan ya tura ganga cike da siminti, gaba da baya, har wuri ya daddale, ya ja layuka da farar ƙasa. Ciyawa kuwa ba ta kwana. Ko tsinke ya leƙo, Iliya ya tsuguna ya tsige shi.

Abu ɗaya ne bai taɓa yi ba: bai taɓa gaya wa uwarsa Cima mene ne filin ba. Tun farko ya ce mata yana ba ƙasar likitoci ruwa, ita kuma ta ji lambu, shi kuma ya bar ta a haka. Yana da dalili. Lokacin da ya shiga addinin Kirista dangi sun yi masa ca a ƙauyensu na kusa da Tamaske, Cima ce kaɗai ta tsaya masa. Ta ce ita ba ta ji daɗi ba, amma yaron da ke shayar da ƙasa bai lalace ba. Da wannan maganar take rufe bakin kowa. Ita da kanta ta yi dakon duwatsu a aikin farfaɗo da fako, busasshiyar ƙasar nan mai tauri da ko ƙaya ba ta fitowa, har yanar ido ta rufe mata gani.

Idon ne ya kawo ta asibiti. Ta sauka a ɗakin Iliya da ke jikin wayar filin, da tsarabar irin kuɓewa ƙulle a bakin zane. Ran Asabar da yamma yana ban ruwa, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya buge ta. Ta lallaɓo da sanda, ta taɓa ƙasar da tafin ƙafa.

"Ɗan nan, ƙasag ga ta sha ruwa. Mi kaka jira ba ka shibka ba?"

"Lokaci bai yi ba, Inna," in ji shi, ya kau da kai, sai ka ce tana ganinsa.

Washegari ya tafi sujada a coci. Da ya dawo ya tarar da ƙofar filin a buɗe. Ya leƙa. Ramuka! Layi bayan layi, daga wannan ƙarfen raga zuwa wancan, kowanne an sare shi da hauya an rufe da diddige. Filin da yake hana mutum shiga da takalmi mai tsini! Ga Cima zaune a inuwa, hauyarsa a gefenta, tana fifita da mayafi.

"Na rage maka aiki," ta ce. "Amma ƙasag ga da tauri take. Ragag ga da kunka ɗaura, ta wake ta? Dabara ta yi."

Abin da Iliya ya iya cewa shi ne, "Sannu da aiki, Inna." Ya ce wa likitoci fili na gyara. Ya yini a durƙushe yana tono iri ɗaya bayan ɗaya, yana cike ramuka, yana dannawa da ganga, zufa da hawaye sun haɗu. Ba aikin ne ya sa shi hawaye ba. Ya san cikin makon nan za a buɗe mata ido.

Aka yi aiki, aka yi sa'a. Da aka kwance bandeji ta kalli fuskarsa ta daɗe, ta ce ya tsufa bai gaya mata ba. Sannan ta ce a kai ta lambu. Ya ce rana ta yi zafi. Ta ce ta san rana tun ba a haife shi ba.

Suka tsaya a bakin waya. Cima ta duba gabas, ta duba yamma. Ja wur, sumul, ba ganye ko ɗaya. Ta rufe idon ta sake buɗewa.

"Maishe ni wurin lokotoro. Idon ga bai gyaru ba. Hwako nika gani."

"Idonki lahiya lau, Inna. Hwako na."

"To ina lambun?"

Nan ya faɗa mata komai: ƙwallo, raga, ganga, layuka. Tana ji, bakinta a sake.

"Kana nuhin ba gyara shi kakai ba? Yin shi kakai?"

"Yin shi nikai."

"Da ruwa?"

"Da ruwa."

Ta yi salati ta dafe ƙirji. Ita da ta san nisan rijiyar garinsu, ita da wuyanta ya sanƙare da dakon dutse don fako ya mutu, ga ɗan cikinta yana rainon fako da tiyo, safe da yamma, tun ƙuruciya. Da ma ihu ta yi da ya fi masa sauƙi.

Can sabon idonta ya hango abin da nasa bai gani ba. A gindin ƙarfen raga, inda ganga ba ta kaiwa, 'yan kuɓewa sun tsago ƙasa, kore shar.

"In abu ya hito hwa?" ta tambaya.

"Cirewa nikai."

Ya tsuguna yadda ya saba. Ya miƙa hannun nan da ya tsige ciyawa ba adadi.

"Bari," in ji Cima. "Ni na shibka."

Ta durƙusa ta tono su da yatsa, da ƙasarsu, ta ƙulle a bakin zanen da ta kawo irin. Ta roƙe shi ruwa gwangwani guda, cikin wanda yake zubarwa. Roƙon nan ya fi zagi yi masa ciwo.

Iliya ya ci gaba da aikinsa, filin ma ya fi da kyau. Cima ta koma gida da idonta garau. Amma daga ranar, in mutanen ƙauye suka tambaye ta labarin mai lambu, sai ta gyara ɗaurin zane ta ce, "Shina lahiya."