Daddawar Inna ta Tsauni

Shekarar da majo, babban mai jinya a asibitin garinmu, ya ce Iya tana da hawan jini, gidanmu ya cika da likitoci. Maƙwabciya ta ce zoɓo ba sukari, mai kawo mana ruwa ya ce tafarnuwa da sassafe. Babban likita kuwa shi ne wanmu Alhaji, wanda ke cin rani a Kano yana sayar da takalma. Ya aiko da injin awon jini cikin kwali, ya biyo shi da doka guda ta waya: kada kowa ya kuskura ya gaya wa Iya labari mara daɗi.

Shi majo abin da ya ce kaɗan ne. A rage gishiri da magi, a bar kanwa, a sha ƙwayar kullum ko an ji sauƙi ko ba a ji ba. Wannan ta bayan kunne ta bi. Iya tana shan magani in kanta ya sara, ta ajiye in ya lafa. Gishiri ya ci gaba da shiga tukunya yadda ya saba. Amma labari, a nan muka ɗaura ɗamara muka tsaya gadi.

Akuyarta ta mutu, muka ce an kai ta kiwo Kurni. Ƙanenmu ya karye a kan babur, muka ce aiki ya riƙe shi a Damagaram. Sai ka ce ba ita ta haife mu ba. Ba a jima ba ta gane cewa duk ranar da muka cika murmushi, muka dama mata fura ba ta tambaya ba, to akwai abin da aka binne. Tana ganin haƙoranmu sai ta ce, "Yau kuma wa ya mutu?" In na ɗaura mata injin, sai in ga tansiyo, kamar yadda muke kiran cutar a Matameye, ta yi sama. Ranar da muka yi ta faɗa a tsakar gida kuwa, jininta lafiya lau.

Na gaya wa Alhaji haka. Ya ce ni da ban taɓa wuce Kance ba me na sani game da tansiyo. Gaskiyarsa, ilimin jini a kasuwar takalma ake koyonsa.

Iya tana da 'yar uwa guda da ta rage mata a duniya, yayarta, wadda muke kira Inna ta Tsauni. Tun ina ƙarama nake jin alkawarinsu: wadda ta rage a cikinsu ita za ta wanke gawar ɗayar. Ba wasa suke ba. A ƙasan akwatin Iya akwai sabulu da turare da farin ƙyalle da ta ajiye don wannan rana, kuma ba ta yarda a taɓa su ko ranar sallah. Duk ranar kasuwa kuma Inna tana aiko mata da daddawar batso ta hannun wani direba, ƙunshe cikin tsumma.

Inna ta rasu da rani, ba doguwar jinya. Kafin in gama kuka waya ta shigo daga Kano. Na ce wa Alhaji, "Yaya, wannan ba akuya ba ce. Ka san alkawarinsu."

Ya ce, "In kika faɗa mata ta yanke jiki ta faɗi, alhakinta na wuyanki."

Raina ya ɓaci, amma tsoro ya fi ƙarfina. Na je Tsauni gaisuwa, aka ce wa Iya suna na tafi. Mata masu zuwa ta'aziyya muka riƙa tare su a zaure muna mayar da su, kai ka ce ɓarayi ne. Alhaji kuwa, da yake mai hangen nesa ne, har daddawa ya tuna. Ya ce ranar kasuwa in sayo, in ƙunshe a tsumma, in ce saƙon Inna ne.

Na sayo mafi kyau da na samu, na kawo mata da murmushina. Tana zaune a tabarma a gindin bishiyar bedi. Ta kwance tsumman, ta shinshina, ta gutsura kaɗan ta ɗora a harshe.

"Mai wannan daddawa gaggawa take," in ji ta. "Yaya ba ta taɓa buɗe tukunya batso bai nuna ba."

Na buɗe baki zan ƙara wata ƙaryar, ta ɗaga mini hannu.

"Wa ya wanke ta?"

Na ce matan unguwarsu. Na jira ta yanke jiki ta faɗi kamar yadda likitan Kano ya yi alkawari. Ba ta faɗi ba. Hawaye ne kawai ke bin fuskarta. Ta miƙo mini dantsenta da kanta ta ce, "Ɗauko injin ki auna, ki gaya wa Alhaji aikinsa ya yi kyau." Na auna. Jinin ya hau, amma bai kai na ranakun da muke mata murmushi ba.

Washegari muka shiga mota zuwa Tsauni, ta zauna a ɗakin yayarta ta karɓi gaisuwar da ta rage. Da muka dawo ta soma shan ƙwayarta kullum ba wanda ya roƙe ta, ta sa aka rage gishiri. Ta ce ba za ta sake ba kowa dalilin mayar da ita jaririya ba.

Wata rana da yamma ta kira ni ɗaki, ta buɗe akwatin, ta fito da sabulun da turaren da farin ƙyallen, ta ɗora mini a cinya.

"Ba su samu wadda aka saye su dominta ba," in ji ta. "Ki ajiye. Ke za ki wanke ni, in dai Alhaji ya yarda a gaya miki."