Wata Uku a Kangon Yamai

Shekarar da rumbunanmu suka tsaya fayau, a ita ce tarin Baba ya ƙi jin magani. Daga ƙauyenmu da ke kusa da Attantane muka je likitar Mayahi, wato asibiti, aka tura mu Maraɗi, likitan Maraɗi ya saurari ƙirjinsa ya rubuta mana takarda zuwa Yamai. A can aka ce tarin fuka ne, maganinsa allura kullum da safe har wata uku. Likitan ya ja mini kunne, ya ce in aka yanke a tsakiya ciwon zai dawo da ƙarfin da ya fi na da. Gado kuwa babu, an bar wa waɗanda ba sa iya tashi. Ya ce mu nemi masauki kusa, mu riƙa zuwa da ƙafarmu.

Ina da shekara ashirin da 'yan kai a lokacin, da ɗan faransancin da na tsinto a lakwal, wato makarantar boko, ina jin kaina wayayye. Da aka ce masauki ban ɗauki abin da zafi ba. A garinmu baƙo sallama kawai yake yi a zaure, a shimfiɗa masa tabarma, sai ya ci ya sha kafin a tambaye shi daga ina.

Muka fara sauka wurin wani mai goro, mutumin garin Gidan Amumune, wanda duk ɗan yankinmu da ya shigo birni wurinsa yake faɗawa. Mutumin kirki ne, amma fari ya riga ya cika masa zaure da mutane, har kan dakali. Kwana biyu muka yi, Baba ya lura kowa na janye tabarmarsa in ya fara tari. Shi da kansa ya ce, "Mu tahi, kada mu zam ma mutane kaya."

Na shiga unguwanni neman haya. Na koyi sunan ɗaki mafi araha, antire-kushe, wato ka shiga ka kwanta, don ba abin da za ka iya yi a cikinsa bayan wannan. Ko shi ya fi ƙarfin kuɗin akuyoyin da muka sayar. Inda muka sami mai sauƙi, matar gidan ta yarda, har ta ɗauko makulli, sai Baba ya yi tari daga bakin ƙofa. Nan take ta tuna ashe ta yi wa ɗan ƙanenta alkawarin ɗakin. Kwanan tasha ko gindin bishiya kuma ba shi yiwuwa, domin sojojin da suka karɓi mulki ba sa son ganin 'yan ƙauye zube a titi. Sukan kwashe mutane a kamiyo, babbar motar kaya, su mayar da su garuruwansu, ba mai tsayawa karanta takardar likita. Tsoro ya kama ni sosai, ban kuma faɗa wa Baba ba.

Mai goro ne ya ce mini, "Kai ɗan lakwal, ka bar neman gidan da aka gama. Nemi wanda ba a gama ba."

Ashe haka talakan Yamai yake yi. Duk mai gina gida yana buƙatar wanda zai zauna a kangon, ya tsare siminti da ƙarafa, ya riƙa ba bulo ruwa safe da yamma don kada rana ta farfasa shi. Ba a biyanka, ba ka biya. Mai goron ya haɗa ni da wani magini Bazabarme, dogo mai furfura, da ke gina wa wani ɗan kasuwa gida ba nisa da likita. Na shirya jawabina da faransanci, amma ko kallona bai yi ba. Zanen da ke kumatun Baba ya tsaya yana dubawa.

"Bagobiri!" in ji shi. "Yau Allah ya kawo mini bawana har gida."

Baba, wanda ya yi mako bai yi dariya ba, ya ce, "Ubangijinka dai ya zo duba aikinka. Wanga bango ma a karkace yake."

Tsakanin Gobirawa da Zabarmawa akwai wasa tun kakanni, kowa na ce wa ɗan uwansa bawa, ba kuma a fushi. Na gaya wa maginin gaskiyar ciwon, don na gaji da ɓoyo. Ya ce iska ta ishi kowa a kango, ba ƙofa ba taga, Baba ya riƙe ƙoƙon shan ruwansa daban, shi ke nan.

Muka tare a falo. Rufi akwai, sauran duk babu. Na toshe taga da takardun siminti, na jera bulo huɗu na ɗora katako ya zama gadon Baba. Da asuba in ja tiyo in shayar da bulo, sannan in riƙo hannunsa mu tafi allura, muna hutawa sau uku a hanya. In mun dawo in shiga lebura wurin maginin, abin da na samu mu sayi garin masara da ɗan mai. Abin da ya fi ba Baba mamaki shi ne ruwan. Ya baro rijiyar da mata ke kwana a bakinta, ga shi yana kallon ɗansa yana zuba ruwa kan dutse. Yakan girgiza kai ya ce birni ko bango sai ya sha kafin ya tsaya.

Abin da ban lissafa ba shi ne gida ƙaruwa yake yi. Da aka zo shafen falo muka koma ɗakin kwana. Da aka zo kansa muka koma madafa, daga nan sai ɗan ɗakin ajiya da ke bayan gida. Kowane bokitin siminti da na ɗauka, da hannuna nake rage mana kwanaki. Da na gane haka sai na fara jan ƙafa. In aka aike ni yashi in yi kamar na je garin Tasawa ɗebo shi. Baba yana zaune a inuwa yana kallo, ranar nan ya kira ni.

"Mi ya samu ƙahwarka?"

Na ce babu komai.

"To ka yi aikin mutane da gaskiya. Ba ni son lahiyar da aka saya da ha'inci."

Na ji haushinsa ƙwarai, na ce a raina tsoho bai san birni ba. Amma na koma aiki kamar yadda na fara, gida kuwa ya ci gaba da tashi.

Saura kwana goma sha tara a gama allura, masu fenti suka tattara gwangwanayensu. Mai gidan ya zo da iyalinsa, mutum mai fara'a, ya yi mana godiya har ya ba Baba hula sabuwa. Ya ce jibi za su tare. Ba shi da laifi, gidansa ne. Na zauna kan tabarma, na fara tunanin ko in koma in durƙusa wa mai goro.

Washegari da hantsi sai ga magini da amalanken jaki, ya zo kwashe kayan aikinsa zuwa sabon wurin da ya samu. Ya loda shebur da bokitai da katakai, sannan ya juya wurin Baba.

"Kai kuma me kake jira? Hau. In na bar bawana a titi, Zabarmawa za su ce ban iya riƙon dukiya ba."

Sabon wurin fili ne kawai, an haƙa tushe, ga tarin bulo a gefe, ko inuwa babu. Na dubi magini, na dubi filin. Ya tuɓe riga ya fara jera bulo ɗaya kan ɗaya, ba siminti, ba laka. Na kama masa. Kafin azahar mun tayar da bango huɗu daidai kafaɗa, muka ɗora kwanon rufi uku muka danne da duwatsu. Ya ce aro ne, ranar da muka gama mu mayar masa da bulonsa inda muka same shi, kada kuma Bagobiri ya ci masa ko ɗaya don yunwa. Baba ya sunkuya ya shiga, ya zauna, ya shafa bangon da tafin hannu. Ya daɗe bai fito ba.

A ɗakin nan muka cika kwanakinmu, ba mu tsallake allura ko ɗaya ba. Ranar ƙarshe likita ya saurari ƙirjinsa, ya ba shi ƙwayoyin da zai ci gaba da sha a gida, ya ce mu tafi. Ni dai ban yarda da baki ba, na sha jin an sallami mutum ya je ya mutu a ɗakinsa.

Muka dawo fili, na sauke kwanon rufi na fara rushe bango. Na ce wa Baba ya zauna a kan kayanmu ya jira ni. Da na juyo daga tarin bulo sai na gan shi tafe, ya rungumo ɗaya a ƙirji. Na buɗe baki zan hana shi, magini ya riƙe mini hannu. Baba ya ajiye, ya koma ya ɗauko wani, ya sake komawa. Na tsaya a rana ina kasa kunne, ina jiran tarin nan da na yi wata da watanni ina ji. Har bango ya ƙare bai zo ba.