Ranar da na ɗauki makirufo a Dokki

Na daɗe ina kaɗa jita a bukukuwan unguwar Hayyin Ashir, nan ƙasar Misira, a bayan wata dattijuwar mawaƙiya, Bahaushiyar Sudan, wadda kowa ke kira Hajiya. Ita ke waƙa, ni nawa kiɗa. Mutane suka yi ta yabon hannuna, har na fara jin ai bakina ma yana da abin faɗi.

Na sayi jitar lantarki ta hannu a unguwar Faisal, na shiga tsara waƙoƙin rok, irin na Turawa, da Hausa, kan kewar Zariya da cunkoson motocin haya. Wani mai gidan gahawa a unguwar Dokki ya ba ni dama ranar Juma'a bayan la'asar. Na gayyaci kowa. Hajiya ma ta zo, ta zauna a sahun gaba.

Tun a waƙar farko muryata ta ƙi hawa inda jitar ta hau. Na matsa mata, ta fashe kamar ta zakaran da ke koyon cara. Wani Bamisire ya tuntsire da dariya, ya toshe baki. Ɗaliban ƙasarmu suka sunkuyar da kai kan wayoyinsu. Da ƙasa za ta tsage, da na shige.

Bayan 'yan kwanaki wani mai sharhin kiɗa ya rubuta a intanet cewa yatsuna sun san hanya amma maƙogwarona ya ɓata, gara in bar makirufo ga masu shi. Abokai suka yi ta turo mini rubutun, kowa da jajensa na "ma'alish". Na daina zuwa biki. In na hango Hajiya a kasuwa sai in sha kwana.

Ita ta hawo benenmu da ciwon gwiwarta.

"Ɗana, mutuwa ka yi?"

"Kunya nake ji, Hajiya."

"Ya kamata ka ji. Ihu ka yi mana, ba waƙa ba. Amma baitin nan na uwar da ke jiran waya, wa ya tsara shi?"

"Ni ne."

"To sauko da shi inda muryarka take. Yalla, ɗauko jitar."

Muka zauna har magariba, tana katse ni a kowane layi.

A bikin da ya biyo baya na rera baitin a hankali, kaina a ƙasa, tana yi mini amshi. Ba wanda ya yi dariya. Da na gama, uwar amarya ta matso kusa da Hajiya, ta tambaye ta yaushe za a koma waƙoƙin rawa.