Turanci a Wuyan Akuya

Na haura hamsin lokacin da na fara riƙe fensir, kuma ban ji kunyar kowa ba. Duk wanda ya yi dariya sai in ce masa ya ɗauki alkawarin karanta mini takardar asibiti har in mutu, in ba zai iya ba ya ja bakinsa ya yi shiru.

Ajinmu na yaƙi da jahilci a Kabo yake, a wani ɗakin firamare da ake ara mana bayan yara sun tashi. Mu goma sha tara ne, duk mata, yawancinmu 'ya'yan makiyayan da suka jingine sanda suka kama fartanya. A shekara ta biyu Malama ta kawo mana wasan kati. Kati arba'in, kowanne da kalmar Turanci guda. Za ta ɗaga, ke kuma ki karanta ki faɗi ma'anarta da Hausa. Wadda ta ci ta riƙe katin, wadda ta fi tarawa ita ce gwanar ranar.

Ana nan sai aka ce za a turo wata jami'a ta duba mu. In ta ga muna ci gaba, aji ya zauna. In ba ta gani ba, a haɗe mu da na Gwarzo. Gwarzo ba ƙarshen duniya ba ce, amma wace ce a cikinmu za ta bar girki da dabbobi ta hau mota sau uku a mako? Rufewa ce kawai aka sa wa suna mai daɗi.

Ba mu damu ba, don mun haddace arba'in ɗin nan tsaf. Yadda aka koya mana karatun allo muna yara, haka muka bi da su: daga na fari zuwa na ƙarshe, murya ɗaya, muna rangaji. Muna daka muna yi, muna tatsa muna yi. Malama kuwa yarinya ce mai tsari, kullum ta gama sai ta jera katunan yadda suke ta ɗaure da roba.

Saura kwana biyar jami'ar ta zo, robar ta tsinke, katuna suka watse a ƙasa. Malama ta tattara su yadda suka zo hannu, ta ɗaga na sama.

"Ruwa!" muka haɗa baki, don ruwa ne na fari kullum. A jikin katin kuwa door aka rubuta, wato ƙofa.

Ta ɗaga na biyu.

"Wuta!"

Ba wuta ba ce. Malama ta nemi benci ta zauna. "Iyayena, ashe duk watannin nan ba kallon katin kuke yi ba?"

"Ke ce kika hargitsa mana karatun," in ji Goggo, wadda ta girme mu duka. "Wa kika taɓa gani ya fara karatu daga tsakiya?"

Aka yi dariya, ban da ni. Haushin kaina nake ji. Na iya haɗa baƙaƙe, amma na bar bakina ya riga idona.

Na dawo gida na tarar awakina tara suna shigowa, wadda ke gaba jiya yau tana baya. Sai na tuna mahaifina. Ko ta yaya shanunsa suka dawo, bai taɓa ruɗe wannan da waccan ba, don fuskar kowacce ya sani, ba layinta ba. Na yayyanka kwalin taliya, na kwafi kalmomi daga littafina, na rataya wa kowace akuya guda a wuya. Akuya ba ta san jeri ba. Wadda ta gifta, dole in duba in karanta.

Maigidana ya tsaya bakin turke yana kallo. "Yau kuma awakin ne suka shiga makaranta?"

"Sun riga ka, Malam."

Na aika aka kira 'yan ajinmu na kusa. Safe da yamma muna canza kwalaye, muna bin awaki muna ihu. Wata baƙar akuya ita kaɗai ta cinye kalma uku daga wuyan 'yan'uwanta, Goggo ta ce a sa ta a gaba ranar gwaji, tunda ita Turancin ya kai mata ciki.

Ranar ta zo. Jami'ar wata Hajiya ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Muka gaisa, ta tambayi gida da damina, sannan ta karɓi katunan ta cakuɗa su da kyau. Kowacce kati uku. Na ci biyu, na uku ya kuɓuce mini, na ce ban sani ba, ban tsaya kame-kame ba. Wasu sun ci duka, wasu ɗaya. Hajiya tana ta rubutu, fuskar nan ba ka gane komai.

Aka zo kan Goggo. Ta ƙura wa katin ido, ta bi baƙaƙen da yatsa daga nesa, ta ce, "Market." Daidai. Sai ma'anar ta ƙi zuwa. Ta rufe ido, leɓɓanta suka fara motsi, tana rangaji a hankali. Duk mun san abin da take yi: ta koma tun daga ruwa tana gangarowa. Kalmar kuwa can wajen ta talatin take. Malama ta sunkuyar da kai.

"Kasuwa!"

Hajiya ta zare tabarau. "Inna, ina kika je haka?"

"Ɗauko ta na je yi, 'yar nan. Can ƙasa na ajiye ta."

Hajiya ta yi dariya har da dafa tebur. Da ta nutsu ta ce, "Da idonta ta karanta, ba wanda ya faɗa mata. Abin da na zo gani ke nan." Ta ƙara layi biyu a takardarta ta rufe. "Malama, ajinki yana nan. A ci gaba."

Ban yi guɗa ba, wasu suka yi. Ni dai sai a lokacin na lura tun ɗazu wuyan hannun maƙwabciyata nake matsewa.

"Yaya, sake ni mana," ta ce. "An ce ba za mu Gwarzo ba."